Daga Garma Zuwa Sanda: Shimfiɗar Ƙasa da Tsufa a Matsayin Ma'aunin Dangantakar Uba da Ɗa a Waƙoƙin Seamus Heaney

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda Seamus Heaney (1939–2013), sha'irin ƙasar Ailan, ya yi amfani da shimfiɗar ƙasa da alamomin tsufa wajen fito da dangantakarsa da mahaifinsa. An zaɓi waƙoƙi 10 daga diwanai 6 da aka buga tsakanin 1966 da 2010, aka bi su bisa jerin shekarun fitowarsu, ana lura da abubuwa uku: wurin da uba da ɗa suke, da matsayin jikin kowannensu a wurin, da abin da ke hannun uban. Nazarin ya gano cewa kalaman ƙauna ba su cika fitowa daga bakin mutanen biyu ba, ƙasa ce ke ɗaukar nauyin faɗin abin da suka yi shiru a kai. Kasancewar gona da fadama da bakin kogi ba sa tsufa da saurin da ɗan'adam ke yi, sai suka zama ma'aunin da ake gane raguwar ƙarfin uba da nisan da ɗa ya yi da gida. An kammala da nuna abin da manazarcin waƙar Hausa zai iya ɗauka daga wannan hanya ta karatu.

Muhimman kalmomi: uba da ɗa, shimfiɗar ƙasa, tsufa, alamtarwa, Seamus Heaney

1.0 Gabatarwa

Dangantakar uba da ɗansa namiji na daga cikin tsofaffin jigogin adabin duniya, amma tana tattare da wata matsala da ba kowace dangantaka ke da ita ba. A al'ummomi da yawa, musamman na manoma da makiyaya, mutanen biyu ba su saba bayyana wa juna abin da ke zuci da fatar baki ba. Aiki ne ke haɗa su, kuma a bakin aikin ake koyarwa, a tsawata, a yaba, sau da yawa da ido ko da gyaɗa kai kawai. To, sha'irin da ya tashi a irin wannan gida, idan ya zo rubuta waƙa a kan mahaifinsa, da me zai gina ta, alhali babu doguwar hirar da zai tuno? Abin da ya rage masa shi ne abin da idonsa ya gani: wurin da suka tsaya tare, da yadda jikin uban yake a wurin.

Seamus Heaney ya shafe sama da shekara 40 yana komawa kan wannan tambaya. Waƙar farko a diwaninsa na farko a kan mahaifinsa take, kuma diwaninsa na ƙarshe bai rabu da shi ba. Wannan dogon zango ya ba manazarci damar da ba kasafai ake samu ba, wato ya ga yadda hoton uba ɗaya ke sauyawa a idon ɗa ɗaya, tun uban yana ganiyar ƙarfinsa har ya kwanta jinya, har bayan rasuwarsa, har shi kansa ɗan ya tsufa. Manufar maƙalar ita ce ta nuna cewa a waɗannan waƙoƙi ƙasa ba ado ba ce da aka rataya a bayan mutane. Ita ce awon da ake auna tsufa da shi, kuma ita ce harshen da uba da ɗa ke magana da shi.

1.1 Hanyar Nazari

An jingina nazarin a kan kalmomin feɗe waƙa da manazartan Hausa suka saba da su, irin su jigo da kamantawa da siffantawa da alamtarwa, kamar yadda suka zo a ayyuka irin su Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa na Abdulƙadir Ɗangambo (2007) da Salo Asirin Waƙa na Abdullahi Bayero Yahya (2001). Da yake da Ingilishi aka rubuta waƙoƙin, ba a kawo ɗangogin su ba, an dai bayyana abin da kowace ta ƙunsa, aka bar sunayensu yadda suke don sauƙin nema. Abin da ake nufi da shimfiɗar ƙasa a nan shi ne duk wani fili da waƙa ta tsayar da mutanenta a kai, tare da abin da ke cikinsa: gona da kunyoyinta, fadama, bakin kogi, gaɓar teku, har ma da abin da ake hangowa ta taga.

2.0 Sha'irin da Mahaifinsa

An haifi Heaney ranar 13 ga Afrilu, 1939, a wata gona da ake kira Mossbawn, kusa da Castledawson, a gundumar Derry ta Ailan ta Arewa. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya tara. Mahaifinsa, Patrick Heaney, manomi ne, amma sana'ar da ya fi ba ƙarfi ita ce fataucin shanu, kuma an san shi da ƙarancin magana. Mahaifiyarsa, Margaret Kathleen, ta fito daga dangin da ke aiki a masaƙa, kuma ba ta ɓoye abin da ke ranta. Heaney da kansa ya sha nuna cewa ya tashi ne tsakanin shirun uba da maganar uwa.

Abin da ya raba shi da gona shi ne karatu. Dokar ilimi ta 1947 ta buɗe wa 'ya'yan talakawan Ailan ta Arewa ƙofar makarantun sakandare, kuma a 1951 Heaney ya sami gurbi a kwalejin kwana ta St Columb's da ke birnin Derry, yana ɗan shekara 12. Daga nan ya wuce Jami'ar Queen's ta Belfast, ya zama malami, ya zama sha'iri, har ya sami kyautar Nobel ta adabi a 1995. Mahaifinsa ya rasu a 1986, shi kuma ya rasu a Dublin ranar 30 ga Agusta, 2013. Wannan tarihi na da muhimmanci domin a cikinsa ƙullin waƙoƙin yake: ɗan farin da aka sa ran zai karɓi linzamin dawaki ya karɓi alƙalami. Bahaushe kan ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Waƙoƙin Heaney tambaya ce a kan halin ɗan da bai gaji sana'ar ba, amma bai yarda a ce bai gaji komai ba.

3.0 Warwarar Jigo

3.1 Sama da Ƙasa: “Digging” (1966)

“Digging”, wato haƙa, ita ce ta buɗe diwanin Death of a Naturalist. Sha'irin na zaune bakin taga da alƙalami a hannu, sai ya ji ƙarar shebur na shiga ƙasa mai tsakuwa. Ya leƙa ƙasa ya ga mahaifinsa a duƙe cikin fangalin furanni. Daga nan tunani ya mayar da shi shekara 20 baya, lokacin da uban ke haƙar dankalin Turawa, yara na bin sa suna tsinta. Tunanin ya ƙara zurfi zuwa ga kakansa, wanda ya yi suna wajen yankan wata baƙar ƙasar fadama da ke samuwa daga ruɓaɓɓun tsirrai, wadda mutanen Ailan ke yankawa kamar tubali, su shanya, su yi makamashi da ita. Yaron ya taɓa kai wa kakan madara a kwalba, ya miƙe ya sha, ya koma bakin aiki nan take. A ƙarshe sha'irin ya amsa cewa ba shi da shebur ɗin da zai bi sawun waɗannan mazaje, sai dai zai yi tasa haƙar da alƙalami.

Abu biyu ne abin lura. Na farko, an jera zuriya uku a kan zurfin ƙasa uku: fangalin furanni, da kunyar dankali, da ramin fadama. Duk takun da aka yi baya cikin lokaci, taku ne zuwa ƙasa cikin rami. Ke nan ƙasa ta zama tamkar littafin asali, wanda shafinsa na sama shi ne yau, na can ƙasa kuwa kakanni. Shi kaɗai sha'irin ne ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba, yana sama, taga ta raba shi da ita. Tsayin da ilimi ya ba shi shi ne kuma tazarar da ke tsakaninsa da mahaifinsa.

Na biyu, tsufan uban ya riga ya leƙo tun a nan, ko da yake ba a ambace shi ba. Mutumin da a da yake juya gonar abinci, yau furanni yake yi wa hidima, kuma an nuna jikinsa na yunƙuri kafin ya duƙa. Filin aikin ne ya ƙanƙance, kuma ƙanƙancewar filin ita ta sanar da raguwar ƙarfin mai shi.

3.2 Gaba da Baya: “Follower” (1966)

Idan “Digging” ta auna dangantakar daga sama zuwa ƙasa, “Follower”, wato mai bin sawu, ta auna ta ne daga gaba zuwa baya. Baiti shida ne masu ɗango hurhuɗu. Rabin farko na uban ne kacokan: yana huɗa da garmar da dawaki ke ja, ya daidaita bakin garma, ƙasa na kifewa ba tare da ta farfashe ba, in ya kai ƙarshen gona ya juya dawakin da fizga ɗaya, ya kanne ido ya auna layin da zai bi. An kamanta kafaɗunsa da ƙyallen jirgin ruwa da iska ta cika, aka ci gaba da aron kalmomin tuƙin jirgi, har gonar ta zama teku, uban ya zama matuƙi. Rabi na biyu na yaron ne: yana tuntuɓe a bayansa, yana faɗuwa, wani lokaci a goya shi, yana burin ya girma ya yi huɗa, amma iyakarsa bin inuwar uban yana surutu.

Sai a ɗango biyu da 'yan kalmomi na ƙarshe aka juya al'amarin: yau uban ne ke tuntuɓe a bayan ɗan, kuma ya ƙi rabuwa da shi. Zubin waƙar da kansa ya kwaikwayi huɗa, domin ta miƙe ɗoɗar har ƙarshen gona, sannan ta yi kwana da fizga ɗaya kamar yadda uban ke juya dawakinsa. Haka nan amsa-amonta: wasu sun cika, wasu kuma rabi ne, kamar takun da wani ya zauna daidai wani ya goce.

Wani abin da ke ƙara wa ƙarshen nauyi shi ne lokacin da aka rubuta shi. Patrick Heaney ya rayu shekara 20 bayan fitowar wannan diwani, don haka tuntuɓen da aka ambata ba na tsoho tukuf ba ne. Ana iya karanta shi ta fuska biyu. Ta fuskar farko, zamani ne ya bar uban a baya, domin a shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu tarakta ta maye gurbin doki a gonakin yankin, gwanintar da yaron ke sha'awa ta tsufa kafin mai ita. Ta fuska ta biyu, a cikin zuciyar ɗan ne uban ke bin sa, wato nauyin barin gida ne ya ƙi sauka. Abin lura kuma shi ne a wannan juyi na ƙarshe ba a ambaci gona ba. A filin uban, kowa ya san matsayinsa. A filin ɗan, wanda ba shi da kunya ko iyaka, uban ya rasa inda zai sa ƙafa.

3.3 Kafaɗa da Kafaɗa: “The Harvest Bow” (1979)

Bayan shekara 13, a diwanin Field Work, gasar wa ke gaba ta lafa. Waƙar ta ginu a kan wani ɗan ƙulli da manoman Ailan ke kitsawa da karan alkama lokacin kaka, su maƙala a ƙirjin riga. Uban ne ya kitsa shi, kuma an ce shirunsa ya kitsa a ciki. An tsaya a kan hannuwansa, waɗanda suka tsufa suna riƙe da sandunan kora shanu, yau ga su suna aikin da ke bukatar laushi. Ɗan ya ɗaga ƙullin yana leƙawa ta kafofinsa, sai ya hango su biyu suna tafiya da yamma a gefen hanyar jirgin ƙasa, cikin doguwar ciyawa, shi da sandar kamun kifi, uban na kaɗe kan ciyayi da tasa sandar, babu mai cewa uffan.

A nan babu na sama babu na ƙasa, babu na gaba babu na baya. Amma cikin abubuwan da idon yaron ya kama a hanyar har da takardar gwanjo a jikin bango, alamar cewa gonaki na fita daga hannun masu su. Haka kuma abin da ke hannun uban ya sauya. Garma na yanka ƙasa ta juya ta, sanda kuwa iyakarta ta shafi kan ciyawa. Ƙullin alkamar ya zama alamtarwa mai fuska biyu: amfanin gona ne, kuma aikin fasaha ne. Da wannan sha'irin ya gano cewa mahaifinsa ma mai ƙira ne, kuma abin da ya gada daga gare shi ya fi abin da ya zata a 1966.

3.4 Bayan Rasuwa: Waƙoƙin 1987 da 1991

Rasuwar uban ta sauya irin filin da ake tsayar da shi. A “The Stone Verdict”, cikin diwanin The Haw Lantern (1987), sha'irin ya suranta shi tsaye a wurin hukunci da sandarsa da faffaɗar hularsa, mutumin da bai taɓa amincewa da daɗin baki ba. Ya ga cewa hukuncin da aka furta da kalmomi ba zai dace da irin wannan mutum ba, sai ya aro wata tatsuniyar Girkawa inda aka yanke hukunci ta hanyar jefa duwatsu a gaban wanda ake tuhuma har suka taru suka zama tsibi. Tsibin ya rikiɗe ya zama ginshiƙin ƙofar gona ko rusasshen bango irin na karkarar Derry. Uban da a da yake sarrafa ƙasa, yanzu ya zama wani yanki nata.

“The Ash Plant”, cikin Seeing Things (1991), ta ɗauki sunanta daga sandar da masu fataucin shanu na Ailan ke riƙewa. Uban na kwance a ɗakin bene, ba zai ƙara tashi ba, yana kallon karkara ta babbar taga: motocin madara na asuba, hayaƙin farko, shanu, itatuwa. Idan aka ajiye wannan kusa da “Digging”, za a ga an yi musayar wuri. A 1966 ɗa ne a taga, uba a ƙasa. Bayan shekara 25, uba ne a taga, ƙasar da ya yi wa hidima ta koma abin kallo. Abin da ilimi ya yi wa ɗan, wato raba ƙafarsa da ƙasa, shi tsufa ya yi wa uban. Da jiri ya kwashe shi, hannunsa ya lalubi sandar da babu ita a zahiri, kuma riƙon nan ne ya tsayar da shi. Sandar da aka yi don kora garke ta zama ƙafa ta uku.

A “Man and Boy”, cikin diwanin dai, an ƙara zurfafa musayar. Sha'irin ya hango mahaifinsa yana yaro, ba takalmi, yana gudu cikin gonaki ɗauke da saƙo, a ranar da nasa mahaifin ya rasu. Sannan ya ga wannan yaron zai goya shi a kafaɗa, shi kuma kamar tsohon da aka tsamo daga gobara. Hoton ya samo asali daga Aeneid ta Virgil, sha'irin Romawa, inda Aeneas ya goyo mahaifinsa Anchises ya fitar da shi daga birnin Troy yana ci da wuta. Heaney ya kifar da hoton: uba ya zama yaro, ɗa ya zama tsoho. Gonar da aka gudu a cikinta ita kaɗai ce ba ta sauya ba, kuma ita ta ba da damar shekarun mutanen biyu su gauraya.

3.5 Sawu a Rairayi: Waƙoƙin 1996

Diwanin The Spirit Level ya zo da waƙoƙi biyu da suka kai ƙanƙancewar filin matuƙa. A “A Call”, sha'irin ya buga waya gida, aka ce ya dakata a kira mutumin, yana lambu yana cirar ciyawa. Manazarta da yawa na ɗaukar mutumin a matsayin mahaifinsa. Yana jira, sai ya suranta shi durƙushe a kan gwiwa da hannu kusa da fangalin wani nau'in albasa, yana rarrabe tsiro da ciyawa a hankali. Ta cikin wayar kuma yana jin bugun agogon zaure, har tunanin kiran mutuwa ya faɗo masa. Da mutumin ya ɗauki waya, saura ƙiris ya ce masa yana ƙaunarsa, amma bai faɗa ba. Mai huɗar da aka kamanta da jirgin ruwa ya dawo rarrafe a fangali ɗaya, wato matsayin da yaron “Follower” yake ciki idan ya faɗi.

“The Strand” kuwa ɗango uku ce tak. Ta ambaci jerin ɗige-ɗigen da sandar uban ta bari a rairayin gaɓar teku ta Sandymount, a Dublin, ta ce cikowar teku ba za ta share su ba. A zahiri babu abin da ruwa ya fi saurin sharewa kamar sawu a rairayi, don haka wurin da alamar ta tabbata shi ne zuciyar ɗan da takardarsa. Sandymount unguwar sha'irin ce, ba ƙasar uban ba, ga shi kuma layin da sandar ta ja ya yi kama da rubutu. A 1966 ɗa ya yi alkawarin mayar da alƙalami shebur. Bayan shekara 30, sandar uba ce ta zama alƙalami.

3.6 Nauyin Jiki: Human Chain (2010)

Heaney ya yi fama da ciwon shanyewar ɓarin jiki a 2006, kuma ya fitar da wannan diwani yana da shekara 71. Ya riga ya san yadda ake ji idan wasu suka ɗaga mutum. A “Album” ya ƙirga lokuta uku da suka shafi rungumar mahaifinsa. Na farko a bakin kogi ne, gab da tafiyarsa kwaleji, uban na ganiyarsa yana yawan raka shi, yaron bai gane cewa don ya kusa tafiya ba ne. Wannan rungumar ba ta auku ba. Na biyu wani dare ne da maye ya rinjayi uban har ya bukaci a kimtsa shi. Na uku a makonsa na ƙarshe ne, ana tallabe shi zuwa makewayi. Ƙirgen ya yi daidai da na littafi na shida na Aeneid, inda Aeneas ya yi yunƙurin rungumar inuwar mahaifinsa sau uku a duniyar matattu bai kama komai ba. Heaney ya fassara wannan littafi, aka buga fassarar a 2016 bayan rasuwarsa.

Abin da jerin ya nuna mai ɗaci ne. A fili, inda uban ke da ƙarfi, hannu bai kai gare shi ba. Sai da rauni ya shigo, aka koma cikin gida, sannan jiki ya taɓa jiki, shi ma da sunan taimako. Waƙar ta ƙara da cewa jika ne ya iya abin yadda ya kamata, ya faɗa wuyan kakan yana zaune a kujera ba tare da wani nauyi ba.

A “The Butts”, sha'irin ya tuna yadda yake laluben aljihunan kwat ɗin mahaifinsa yana neman guntayen taba, sai ya yi ta cin karo da ƙaiƙayi. Daga nan waƙar ta tsallaka zuwa kwanakin jinya, lokacin da suka koyi sa hannu ƙarƙashin hamatarsa su ɗaga shi su goge masa jiki, suna jin yadda ya zama ba nauyi. Gonar da ta fara da faɗin teku ta ƙare a ɗan ƙaiƙayin aljihu, kuma ƙaiƙayi shi ne abin da ke saura bayan an fitar da tsaba.

4.0 Abin Lura ga Manazarcin Waƙar Hausa

Mai karatu Bahaushe ba zai ga baƙon abu a shirun da ke tsakanin Heaney da mahaifinsa ba, domin ya san kunyar ɗan fari, ya kuma san gandu, inda uba da 'ya'yansa maza ke noma tare a ƙarƙashin ikon uban. Sai dai akwai bukatar hattara. A wurin Hausawa alkunya al'ada ce mai suna da ƙa'ida, wadda jama'a ke fassarawa da ƙauna da mutunci. A wurin Heaney kuwa shirun hali ne na mazan karkararsu, kuma yana kallon sa da girmamawa haɗe da nadama. Kamannin na zahiri ne, ma'anar ta sha bamban.

Abin da za a fi amfana da shi shi ne hanyar karatun. Marsiyyar Hausa ta fi karkata ga jero kyawawan halayen mamaci da yi masa addu'a, waƙoƙin noma kuwa ga zuga gwarzon manomi. Nazarinsu kan tsaya a kan jigo da adon harshe. Idan aka ƙara tambayoyi uku da wannan maƙala ta yi aiki da su, wato a ina aka tsayar da uba, yaya jikinsa yake a wurin, mene ne a hannunsa, mai yiwuwa a ga cewa ambaton gona da zaure da buzu da sanda a waƙoƙin Hausa na ɗauke da abin da alkunya ta hana a furta. Harshen ma ya tanadi ƙofa: kunyar gona da kunyar ɗabi'a siffarsu ɗaya a rubutun boko.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi hoton uba ɗaya cikin waƙoƙi 10 na tsawon shekara 44. An ga filinsa na raguwa daga gona zuwa fangali, zuwa abin da ake hangowa ta taga, zuwa ƙaiƙayi a aljihu. An ga abin hannunsa na sauyawa daga shebur da garma zuwa karan alkama da sanda, har hannun ya zama shi ake riƙewa. An kuma ga matsayin mutanen biyu na juyawa: na sama ya sauko, na gaba ya koma baya, wanda aka goya ya zama mai tallabe. Duk waɗannan sauye-sauye an gane su ne saboda akwai abin da ya tsaya ana auna su da shi, wato ƙasa.

Sakamakon da ya fi fitowa fili shi ne cewa tsufa a waɗannan waƙoƙi ba rashi kaɗai ya kawo ba. Shi ne ya rage tazarar da ƙarfin uba da karatun ɗa suka haifar, ko da yake ya yi hakan a makare, lokacin da abin da ya saura na kusanci shi ne jinya. Heaney bai gaji garma ba, amma ya gaji idon da ke auna layi da hannun da ba ya gaggawa, kuma da su ya yi wa mahaifinsa hidimar da baki ya kasa.